Jirgi a Kan Tsohuwar Hanyar Gwanja: Tarihin Dodi Princess da Tafkin Volta

A Gangara, kamar sauran garuruwan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ba a ɗaura aure ko a raɗa wa jariri suna sai an raba goro. Shi ya sa sunan Gwanja, ƙasar da kakanni suka riƙa zuwa sayo shi, bai ɓace daga bakin tsofaffi ba, ko da yake kaɗan ne daga cikin masu ambatonsa za su iya nuna inda ƙasar take. Ruwan da mutumin wannan yanki ya sani shi ne Gulbin Kaba, wanda ya fi yawan zama a bushe, da Gulbin Maraɗi mai gudu da damina, sai kuma tafkin Madarunfa da masunta ke ratsawa da ƙananan jiragensu. Saboda haka ba abu ne mai sauƙi ba a gare shi ya ƙiyasta tafkin da jirgi mai inji zai kwana ya wuni yana tafiya a kansa bai kai ƙarshensa ba. Amma akwai irin wannan tafki a ƙasar Gana, kuma wani sashe na hanyoyi da zangunan fataken goro yana kwance a ƙarƙashinsa.

Sunan tafkin Volta. Jirgin da ya fi kowanne suna a kansa shi ne Dodi Princess, jirgin shaƙatawa mai hawa uku, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya yana ɗaukar masu yawon buɗe ido daga Akosombo zuwa tsibirin Dodi, kafin gobara ta cinye shi a shekarar 2012. Tarihinsa gajere ne idan aka ɗauke shi shi kaɗai. Sai an haɗa shi da tarihin ayarin da ya riga shi, da na madatsar da ta haifi tafkin, da na sauran jiragen da suka yi aiki tare da shi, sannan ake gane abin da aka yi alkawari ranar da aka tare kogin, da abin da aka samu daga baya.

Hanyar ayari

Dangantakar ƙasar Hausa da Gwanja tsohuwa ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 ne cinikin ya kai ƙololuwarsa. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya tarar a kasuwar Kano cewa goro yana cikin manyan kayan da ake shigowa da su, ana kashe dukiya mai yawa a kansa kowace shekara.

Goron ba a Gwanja yake fitowa ba. Itacensa na kurmin Tonawa ne, wato Asante, can kudu. Sarakunan Asante ba su bar baƙi su shiga kurmin da kansu ba, sai suka mayar da Salaga, a ƙasar Gwanja, mahaɗar ciniki: mutanensu su kawo goro a ka, fataken arewa su zo da jakai su saya. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya bi ta Jega, ya ƙetare Kwara a wajen Ilo ko Yawuri, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Zugu, ya faɗa Sansanin Mango, sannan Yendi, kafin ya sauke kaya a Salaga. Zuwa kawai kan ci wata biyu ko uku, kuma babban ayari yakan tara mutum dubu ko fiye, ban da dabbobi.

Tafiyar tana da tsari irin na mulki. Madugu uban tafiya shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa, shi ke sasanta rigima, shi ke cewa a tashi ko a kwana. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, malamin ayari yana zaɓar ranar tashi yana kuma riƙe lissafi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan sana'a. Suna tafiya da kanwa, da baƙin tufafi na rini, da jan fata, da gabu, da dabbobi. Akwai kuma bayi a cikin hajar, domin Salaga babbar kasuwar bayi ce a wancan ƙarni, kuma wannan ɓangare ne na tarihin da ba ya gogewa. A dawowa, sai a naɗe goro cikin ganye a ɗaure huhu, a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya fara ɓaci, domin goro ɗaya mai tsutsa yana iya lalata huhu guda.

Kogin Volta shi ma hanya ce tun a wancan zamani. Masu kwale-kwale kan ɗauko gishiri daga Ada, a bakin teku, su yi ta turawa da gora suna hawan kogin har Kete-Krachi da Yeji. A Yeji ne kuma masu zuwa daga Kumasi ke fito su nufi Salaga. Ke nan ayarin jakai da jirgin ruwa sun daɗe da sanin juna a wannan kwari.

Kete da malaminta

Abubuwa biyu suka karya Salaga. Na farko shi ne cin Kumasi da Ingilishi suka yi a 1874, wanda ya raunana ikon Asante a kan ƙasashen arewa ya kuma wargaza tsarin da ya tilasta wa kowa zuwa kasuwa ɗaya. Na biyu shi ne yaƙin basasa na 1892 tsakanin masu neman sarauta, wanda ya sa fatake da malamai suka watse zuwa Yeji da Kintampo da sauran wurare. Da yawansu suka gangara Kete, zangon Musulmi da ke daf da garin Krachi a bakin Volta. Cikin ƴan shekaru zangon ya zama babbar kasuwa, kuma a 1894 Jamusawa, waɗanda ke faɗaɗa mulkinsu na Togo, suka kafa bariki a wurin.

A cikin waɗanda suka koma Kete akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858 a gidan fatake ƴan asalin Kabi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya bi hanyar goro har Salaga, daga baya ya zauna a Kete ya zama limaminta, ya koyar da ɗalibai da suka watsu a zangunan ƙasar, har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ciki har da waƙarsa a kan zuwan Nasara da wadda ya yi a kan talauci da wadata. Haka kuma ya yi aiki da Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete-Krachi, ya rubuta masa da ajami labarai masu yawa na tarihin garuruwan Hausa da sana'o'insu da al'adunsu. Mischlich ya buga ƙamus ɗinsa na Hausa a 1906. Abin lura a nan shi ne, wani kaso mai tsoka na tsohon rubutun zube na Hausa a bakin Volta aka rubuta shi, tafiyar watanni daga Kano.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa ba tafkin ne ya kashe ayari ba. Tun farkon ƙarni na 20 fatake suka gane cewa jirgin ruwa na teku ya fi jaki sauri. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara loda goro a Akra, wadda fatake ke kira Ankara, a kai shi Ikko ta teku. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma manoman ƙasar Yarbawa suka shiga dashen irin goron da Hausawa ke so, sai doguwar hanyar Bargu ta mutu. Abin da ya rage shi ne zanguna, da masallatansu da maƙabartunsu, da jikokin fatake da suka zama ƴan ƙasa suna ciniki da Hausa. Waɗannan ne ruwa ya tarar.

Madatsar Akosombo

Tunanin tare Volta ya samo asali ne daga Albert Kitson, masanin ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka, wanda a 1915 ya lura da ƙuncin kwazazzabon da kogin ke bi a kusa da Akosombo, ya ga za a iya samun lantarkin narka ma'adinin alminiyon da ƙasar ke da shi. Shawarar ta kwanta shekaru da dama a cikin takardu. Kwame Nkrumah ne ya tashe ta bayan samun ƴancin kai a 1957, ya mayar da ita ginshiƙin shirinsa na gina masana'antu. A 1961 aka kafa Hukumar Kogin Volta, aka samo rance daga Bankin Duniya da Amurka da Ingila, aka ba wani rukunin kamfanonin Italiya mai suna Impregilo aikin gini. Madatsar ta kai tsawon mita 660, tsayinta mita 114. Ruwa ya fara taruwa a 1964, aka gama aiki a 1965, Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairu na 1966. Wata ɗaya bayan haka, ranar 24 ga Fabrairu, sojoji suka hamɓarar da shi yana kan hanyar tafiya ƙasar waje.

Tafkin da ya samu ya kai murabba'in kilomita 8,500, kusan kashi 3.6 cikin ɗari na faɗin ƙasar Gana, kuma yana cikin mafiya girman tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. Daga Akosombo zuwa bakinsa na arewa ya haura kilomita 400. Mutum kimanin 80,000 daga ƙauyuka sama da 700 aka tasa, aka gina musu sababbin matsugunai 52. An ba iyalai ƙananan gidaje da za su ƙarasa da kansu, aka yi musu alkawarin gonakin zamani, amma da yawa ba su zauna ba, domin ƙasar da aka ba su ba ta kai wadda suka baro ba. Tsohuwar Kete-Krachi ta nutse, aka gina sabon gari a kan tudu. Kufan gine-ginen Jamusawa sun tsira a bakin ruwa. Yeji ma ta ja da baya zuwa tudu, kuma fiton da a da ake yi cikin ɗan lokaci ya zama tafiya mai nisa a kan buɗaɗɗen ruwa. Saboda haka babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta kauce wa Yeji da Salaga, ta koma ta Kintampo, ta ƙetare Baƙin Volta a Buipe da Farin Volta a Yapei bisa gada. Salaga, wadda ta taɓa tara ƴan kasuwar rabin Afirka ta Yamma, ta zama gari a gefen hanya.

Kaso mafi girma na lantarkin, a shekarun farko, ya tafi masana'antar narka alminiyon ta Valco da ke Tema, mallakar kamfanonin Amurka na Kaiser da Reynolds, a kan farashi mai rahusa. Su kuwa mutanen kwarin, an ce musu za su samu kifi, su kuma samu sabuwar hanya. Masu tsara aikin sun hango tafkin a matsayin babban titi na ruwa da zai haɗa arewa da kudu cikin arha: doya da shanu da kaɗanya su gangara, siminti da man fetur da kayan masana'anta su hau. Aikin da ayari da kwale-kwalen gishiri suka yi ɗaruruwan shekaru, jirgi mai inji zai gaje shi.

Jirgin mako-mako

Domin cika wannan alkawari aka kafa kamfanin sufuri na tafkin Volta a 1970, ƙarƙashin hukumar kogin. Kamfanin ya riƙe jiragen fito a mashigai irin su Yeji zuwa Makango, da Kete-Krachi, da Dambai, da Adawso. Ya kuma sa jiragen doguwar tafiya, waɗanda aka fi sani da Akosombo Queen da Yapei Queen. Sunan na biyun ya fito ne daga Yapei, tashar ruwa ta kusa da Tamale, inda aka so tafiyar ta riƙa ƙarewa. Ƙarancin ruwa a wannan reshe ya sa tashar ta gagara, aka gina wata a Buipe cikin shekarun 1980, inda jiragen turi ke kai manyan kwale-kwalen ƙarfe na man fetur da siminti. Shi kuwa Yapei Queen, zangonsa na ƙarshe ya zama Yeji, yana ɗauke da sunan garin da ya daina zuwa.

Shekara da shekaru tsarin tafiyarsa bai sauya ba. Yakan tashi daga Akosombo ranar Litinin da yamma, ya kwana yana tafiya, ya tsaya a Kete-Krachi da wasu ƙauyukan bakin ruwa ranar Talata, ya isa Yeji cikin dare, sannan ya juyo. Bisa takarda tafiyar yini guda ce da ɗoriya, amma lodi da saukewa kan ja ta fiye da haka. A sama akwai ƴan ɗakunan kwana ƙalilan waɗanda galibi baƙi masu yawon duniya ke kamawa. A tsakiya akwai zaure mai bencina da tebura inda ake sayar da abinci. A ƙasa kuwa, wurin kaya, nan mafi yawan fasinja ke shimfiɗa tabarma tsakanin manyan akwatunan katako. Akwatunan kan tafi arewa babu kome a ciki, su dawo cike da doya, domin ƙasar Krachi da kewayenta ƙasar doya ce, kuma ƙauyuka da yawa ba su da hanyar mota mai kyau da damina. A irin waɗannan wurare babu tashar siminti. Jirgin kan kafa goshinsa a gaɓa ya sauke ƙofarsa, ƴar motar ɗaukar kaya ta yi ta shiga da fita, mata ƴan kasuwa suna ƙidaya doyarsu.

Wanda ya san tarihin ayari zai ga kamanni a nan. Fasinjan ƙasan jirgin masu doya ne da masu busasshen kifi da masu ƙananan haja, daga ƙabilu daban-daban, kuma Hausa tana cikin harsunan da suke ciniki da su, kamar yadda take a zangunan Yeji da Kete-Krachi. Hanyar da matuƙin ke bi ita ma tsohuwa ce. Tun da ba a sare dajin kwarin ba kafin ruwa ya rufe shi, wurin da babban jirgi ya fi amincewa da shi shi ne tsakiyar tsohon kogin, inda itace bai taɓa tsirowa ba. Saboda haka jirgin yana bin lanƙwasar kogin da ba a ganinsa, kan layin da masu gishirin Ada suka bi.

Jirgin shaƙatawa

Shi ma Dodi Princess ba don shaƙatawa aka fara ƙera shi ba. Ya fara aiki a 1977 a matsayin jirgin kaya, wato ɗaya daga cikin waɗanda aka tanada domin titin ruwan da aka yi mafarki. A 1991 aka sauya masa fasali ya zama na fasinja mai ɗaukar mutum kimanin 350, aka danƙa shi ga otal ɗin Volta na Akosombo, wanda shi ma mallakar hukumar kogin ne. Lokacin ya zo daidai da shekarun da gwamnatin Gana ta mayar da hankali ga yawon buɗe ido a matsayin hanyar samun kuɗin waje, tana gyara tsofaffin gidajen bayi na bakin teku tana kiran baƙi daga Turai da Amurka. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Jirgin da aka yi domin buhu da ganga sai ga shi da makaɗa da teburan cin abinci.

Aikinsa na ranakun Asabar da Lahadi ne da ranakun hutu. Yakan bar tasha da hantsi, ya ratsa tsakanin tsaunukan da suka kewaye kudancin tafkin, inda ruwa ya fi zurfi kuma hatsarin kututture ya fi ƙaranci. Tafiyar kan ɗauki kimanin awa biyu zuwa tsibirin Dodi, wanda kafin 1964 kan tudu ne kawai a cikin daji. A cikin jirgin akwai makaɗa masu kiɗan zamani na ƙasar, da abincin rana, da ɗaki mai sanyi, da ɗan wurin wanka na yara. A tsibirin mazauna wurin kan tarbi baƙi da ganguna da rawa, yara su raka su zagaye, a ɗan ba su abin hannu, sannan a busa ƙaho kowa ya koma. Kafin la'asar sakaliya an dawo Akosombo. Ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni daga Akra da Tema, da ɗaliban makarantu, da ƙungiyoyin coci, da baƙin ƙasashen waje, su ne fasinjansa. Ga dubban mutanen kudu, wannan tafiya ta yini ɗaya ita ce iyakar saninsu da tafkin da ke haska gidajensu.

Ba za a raina abin da jirgin ya yi ba. Ya samar wa matuƙa da makanikai da masu dafa abinci da makaɗa aiki, ya sa Akosombo ta zama wurin zuwa, ya kuma nuna wa ƴan makaranta girman aikin da ƙasarsu ta yi. Amma iyakar tafiyarsa ba ta wuce ɗan lungun kudu ba. Fasinjansa ba ya ganin Kete-Krachi, balle Yeji, kuma babu abin da zai sanar da shi cewa can gaba akwai garuruwa da kasuwanni da kaburbura a ƙarƙashin ruwan.

A watan Mayu na 2012 gobara ta kama jirgin yana ɗaure a tasharsa ta Akosombo, ta cinye shi. Tsibirin Dodi ya rasa baƙinsa na ƙarshen mako, masu ƙananan sana'o'in da suka dogara da su suka shiga wani hali. Sai a 2019, shekarar da Gana ta yi gangamin kiran jikokin bayi su ziyarci ƙasar kakanninsu, aka sa magajinsa a ruwa da sunan Dodi Princess II, ya ci gaba da bin hanyar da na farko ya bi.

Dajin da ke ƙarƙashin ruwa

Tsakanin jirgin mako-mako da jirgin ƙarshen mako akwai babban giɓi, kuma kwale-kwalen katako masu inji a baya ne suka cike shi. Su ke kai mutanen tsibirai da ƙauyukan masunta kasuwa da asibiti, su ke ɗaukar buhunan gawayi da kwandunan kifi da awaki, sau da yawa fiye da ƙima. Ba su da zaɓin bin tsakiyar tsohon kogi kamar babban jirgi, dole su ratsa ta kan dajin da ya nutse. Itatuwa masu tauri ba sa ruɓewa a cikin ruwa; suna nan tsaye fiye da shekara hamsin, wasu kansu a waje kamar mashi, wasu a ɓoye ƙasa da kamu ɗaya. Idan iskar farkon damina ta taso, ko hazon hunturu ya rufe ido, kwale-kwale ya daki kututture, abin da ke biyo baya sananne ne. Hatsarin da ya fi tayar da hankali shi ne na watan Afrilu na 2006, lokacin da wani jirgin katako da aka cika da mutanen da aka tasa daga gandun dajin Digya ya nutse, aka yi asarar rayuka masu yawa. A cikin shekarar ce gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Kanada domin ya riƙa sare itatuwan ƙarƙashin ruwa ya sayar da katakon, amma tafkin ya fi ƙarfin aikin kamfani ɗaya.

Waɗannan itatuwa su ne kuma ke kama tarun masunta, kuma ƙananan yara ake turawa su nutsa su kwance shi, abin da ya jawo wa tafkin mummunan suna a rahotannin masu yaƙi da bautar da yara. Ruwan da ya tsaya cik ya yawaita dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya a ƙauyukan gaɓa. Sannan shi kansa tafkin yana hawa yana sauka bisa ga daminar arewa. Injinan madatsar an tsara su ne su yi aiki idan ruwa yana tsakanin ƙafa 240 da ƙafa 278 a ma'aunin hukumar. A farin 1983 da 1984, da na 1998, da kuma 2007, lokacin da ya sauka ƙasa da 240, an shiga rabon wuta a ƙasar, gaɓa ta janye nesa da tashoshi, duwatsun da ke hanyar Buipe suka hana manyan jirage wucewa. A 2023 kuwa akasin haka aka gani: ruwa ya cika har hukumar ta buɗe ƙofofin madatsar, ambaliya ta ci garuruwan da ke ƙasa da ita, irin su Mepe. Hanyar da ba ta da tabbas a kowace shekara, ɗan kasuwa ba ya ɗora dukiyarsa a kanta, shi ya sa mafi yawan kayan arewa suka koma kan kwalta.

Kammalawa

Cinikin da ke tsakanin ƙasar Hausa da ƙasar Tonawa bai mutu ba, hanya ya sauya. Albasar Galmi da dabbobin Nijar suna isa Kumasi da Akra a manyan motoci, kuma har yanzu a zango ake sauke baƙo, maigida ya karɓe shi ya nemo masa mai saye, kamar yadda aka yi a Salaga. Direban da ya fito daga Tamale ya nufi kudu yakan hau gadar Yapei, sannan ta Buipe, ya ga ruwa shimfiɗe a gefensa. Wannan shi ne bakin tafkin na arewa, wurin da aka so jirage su riƙa jiran kayansa.

Alkawarin da aka yi wa mutanen kwarin ya cika rabi. Wuta ta samu, kifi ya samu, jirgin shaƙatawa ya ƙone an sake wani. Amma titin ruwan da zai gaji ayari bai kai yadda aka zana shi ba, kuma jirgin da ya fi kusa da yin wannan aiki, mai ɗaukar doya da masu doya, bai taɓa samun sunan da ɗan'uwansa mai makaɗa ya samu ba. Ga mai karatun Hausa a Maraɗi ko Katsina, Kete da Yeji da Salaga ba baƙin wurare ba ne: can kakannin wasu suka sauke kaya, can Alhaji Umaru ya zauna ya rubuta labarin Kano da Kabi da ajami, can kuma jikokin fatake suke hawa kwale-kwale ranar kasuwa su ratsa ta kan itatuwan da ayari ya taɓa sha inuwarsu.